Robar Gilashin Fijon Oga Simon

"Ka ga motar Oga Simon jiya kuwa? Leda ya ɗaura a gaba. Yana tuƙi yana leƙowa ta taga kamar ragon da za a kai kasuwa."

"Gilashin ne ya tafi?"

"Gilashi ai mai sauƙi ne, an samo masa a Apo. Roba ce babu. An zaga Apo, an zaga Kugbo, har Fanteka ta Kaduna an buga waya, kowa sai ya ce ta ƙare."

"To ya je wurin Hannun Guduma mana."

"Rufa wa kanka asiri. Ka kira shi da sunan nan a gabansa, ka ga yadda ake fasa gilashi da kan mutum."

A cikin bas aka yi wannan hirar, da safe, a gosulon da ke tsakanin Mararaba da Nyanya. Masu hirar ba su waiwaya ba, da sun ga mai sunan a kujerar baya, da jakar kayan aiki a kan cinya. Da kwandasta ya zo kansa, sai ya ce a sauke shi a nan, ya fasa tafiyar. Ya tsallaka titi ya koma gida a ƙafa, mutanen da suka san shi suna mamaki, don ba su saba ganin haƙoran Nababa a waje ba.

Nababa mutumin Zariya ne. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ba a kiransa da na yanka. Mahaifinsa madubi yake yankawa a Sabon Gari, yana haɗa wa amare da masu aski, don haka tun yana ƙarami ya san yadda ake ɗaukar gilashi, da yadda ake ajiye shi a tsaye ba a kwance ba. Ya zo Abuja lokacin da Utako ba ta cika ba, ana lodi a gefe, ciyawa na gefe. A bayan tashar ya sami Oga Simon, mutumin Pankshin, mai sa gilashin mota, yana neman hannu na biyu.

Aikin nan dole sai da hannu na biyu. Motocin yanzu gam ake zuba musu a manna gilashin a wuce. Tsofaffin kuwa, irin su Fijo da Marsandi da bas ɗin da, roba ce ke riƙe da gilashinsu. Baƙar roba ce mai baki biyu, ɗaya ya cije gilashi, ɗaya ya cije ƙarfen mota. Za a sa wa gilashin robarsa a ƙasa, a cusa siririyar igiya cikin ramin robar ta zagaye ta, a shafe da ruwan sabulu, sannan a ɗaga a ɗora a bakin mota. Mutum ɗaya ya tsaya a waje yana dannawa da tafin hannu, ɗaya ya shiga ciki yana jan igiya a hankali, leɓen robar na hawa kan ƙarfe kaɗan-kaɗan. Idan na ciki ya yi gaggawa a kwana, gilashi ya tsage. Idan na waje ya danna inda igiya ba ta iso ba, nan ma ya tsage. Sai dai 'yan kallo ba sa ganin igiya. Hannun na waje kawai suke gani.

Simon ne a ciki kullum, Nababa a waje. Sun daɗe a haka, har ba sa buƙatar magana. Simon ya yi gyaran murya, Nababa ya san an iso kwana. Ran Kirsimeti Nababa na cin shinkafar Magdalena, matar Simon, ran Sallah Simon na zuwa da ledarsa ya karɓi soyen nama, yana cewa shi Kirista ne amma cikinsa ba ya zuwa coci.

Sai wata rana wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya ya kawo tsohuwar Marsandinsa daga Garki, da gilashi a naɗe cikin bargo. Ya ce daga Legas aka zo masa da shi, kuma babu wani. Layin gaba ɗaya ya taru, don ba kullum ake ganin irin motar ba. An sa ƙasa, an hau gefe, an iso kwanar sama ta ɓangaren direba. Mai motar ya sunkuyo ta taga yana ba Simon labarin yadda ya sayo ta, Simon kuwa, mai son a ce ya iya hira da manya, ya juya kai yana dariya, hannunsa ya fizgi igiya. Nababa ya ji abin a tafinsa kafin ya ji shi a kunne. Tsaga ta taso daga kwana ta gangaro har tsakiya.

Simon ya fito daga motar yana riƙe da kai. Bai dubi Nababa ba. Ya dubi mai mota, ya dubi jama'a, ya ce da irin Hausarsa, "Na sha gaya wa yaron nan, hannun shi ba hannu ba ne, guduma ne."

Shi ke nan. Da zagi ne da ya wuce, amma abin dariya ne, shi kuwa abin dariya ba ya mutuwa a tasha. Surajo mai shayi ne ya fara ɗaukarsa. Da ya hango Nababa tafe sai ya yi ta kwashe kofunan gilashi daga kan tebur da sauri, ya miƙo masa na roba. Direbobi masu tabarau su cire su sa aljihu in zai gaishe su. Daga wasa abin ya koma kasuwa. Kwastoma ya zo, ya ce a sa masa gilashi amma ban da wancan. Nababa ya jira Simon ya gyara maganar, ko da a gaban mutum biyu ne. Ya tare shi ran nan a bayan rumfa, ya ce, Oga, kai ka san abin da ya faru. Simon ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri, in aka ce oga ne ya fasa rumfar ce za ta mutu, su biyun duka su rasa, amma yaro in ya yi kuskure ana mantawa.

Ba a manta ba. Nababa ya tattara ya koma Mararaba, sunan ya riga shi isa, a bakin direbobin da ke jigila tsakanin nan da Utako. Ya kafa rumfa a bakin titi, ya koyi aikin gam kamar kowa, ya yi aure, ya haifi 'ya mace, Yusra. Ranar da ta dawo daga makaranta tana kuka wai an ce mata 'yar Guduma, bai ci tuwon dare ba. Ya zauna a ƙofar ɗaki har aka kira isha'i, yana duban tafin hannunsa. Hannu ne siriri, mai dogayen yatsu, irin na maɗinka.

Shi kuwa Simon, da aikin igiya ya ja baya, sai ya saki sana'ar. Ya sayi tsohuwar Fijo a-kori-kura, fara, yana ɗauko doya daga wajen Keffi yana kai wa 'yan kasuwar Garki. Da ita yake ci, da ita ya yi wa 'ya'yansa makaranta, kuma yana sonta son da Magdalena ke cewa da mace ce da tuni an kai su gaban fasto. Hanyar Keffi kuwa ɗaya ce, ta gaban rumfar Nababa take bi. Kullum da hantsi motar za ta zo ta maƙale a gosulo, taku kaɗan daga inda yake zaune. Simon ya ɗaga hannu, Nababa ya ɗaga. Amma ba fuskar Simon yake kallo ba, robar gilashin yake kallo. Ya ga lokacin da ta daina sheƙi. Ya ga lokacin da ta fara fari-fari a kwanar ƙasa, da lokacin da ta soma tsattsagewa kamar dunduniyar manomi.

Tun daga nan ya fara saye. Duk inda ya ji an yanka tsohuwar Fijo, ko an sami ragowar roba ta asali a ƙasan shagon wani, sai ya je. Apo, Kugbo, Dei-Dei, Masaka, har Suleja. Ta zamani da ake bugowa ba ya taɓa ta, ya san ta: tauri gare ta, ba ta kwanciya a kwana, damina ɗaya take yi ta ɗage. 'Yan gwanjo suka gane shi, su ke kiransa da kansu. Masu tsofaffin Fijo da suka rage a garin, in sun zo nema, ya sayar musu in ya ga dama, da sharaɗin shi zai sa da hannunsa, kada roba ta fita daga rumfarsa a leda. Sauran ya barbaɗe su da hodar jarirai don kada su bushe, ya naɗe, ya zuba a buhu, ya tura ƙarƙashin gado.

Zulai, matarsa, mai tuyar awara ce a ƙofar gida, kuma bakinta ba ya ajiya. Ta ce ita dai tun da aka kawo ta ɗakinta warin shagon falkinaiza mai facin taya yake. Ta ce mutane na kiwon kaji, nata mijin na kiwon macizai a buhu, har da shafa musu hoda. Ta tambaye shi sau da yawa abin da yake jira. Ya ce mata damina.

Tifa ce ta riga damina. Tsakuwa ta taso daga bayanta a gangaren Kugbo ta sami gilashin Simon, ya yi sakar gizo-gizo. Da aka zo cirewa robar ta marmashe a hannu kamar tsohon biredi. Wani mai gam ya ce zai manna masa haka nan, Simon ya kore shi, don ya san bakin ƙarfen Fijo ba a yi shi don gam ba, ramin farko a titi zai tofar da gilashin. Robar zamani ma ta ƙi zama a bakin motar. Ya gwada leda. Masu duba motoci suka tsare shi, ya roƙa suka sake shi, suka ce kada su sake ganinsa. Motar ta kwanta a ƙofar gida, 'yan doya suka fara kiran wani direban, ga hadari ya soma haɗuwa a gabas.

Magdalena ce ta fara zuwa, da manyan doya a buhu. Ta gaida Zulai, ta tambayi Yusra, ta zauna a kan benci ta yi ta zagaye, sannan ta ce, Baban Yusra, ka san abin da ya kawo ni. Nababa ya ba ta girmanta, ya kira ta Mama kamar da, ya ce bai manta shinkafarta ba. Amma ya ce mota ba tata ba ce, bakin da ya yi magana a Utako ma ba nata ba ne, mai bakin ya zo da ƙafarsa. Ya ce ta koma da doyarta. Zulai ta riga ta ja buhun zuwa madafa, ta ce doya ba ta yi wa kowa laifi ba.

Bayan tafiyarta ya jawo buhun robar don ya zaɓi wadda ta fi. Ya ɗago ta farko, ya ga an yanke mata kamar tsawon yatsa. Ta biyu haka. Ta uku rabinta babu. Ya zazzage buhun a tsakar ɗaki, hoda ta tashi, ya yi ta ɗagawa yana ajiyewa, duk an gutsure su da wuƙa. Ya kira Zulai da wata murya da ba ta taɓa ji ba. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Gawayin yanzu ba ya kamawa, Malam," in ji ta. "Ita kuwa ƙyas ɗaya take. Shekara da shekaru kana ciyar da su hoda, ba su haihu ba, ba su ba da nono ba. Na ce bari su yi wani amfanin."

Ya zauna a ƙasa cikin hodar. Can ƙasan buhu ya sami guda ɗaya da wuƙa ba ta kai gare ta ba. Ya bi ta da yatsa ya zagaye, ya lanƙwasa ta, ta dawo. Ya rataya ta a wuya, da ita ya yi sallar la'asar a ɗaki.

Washegari Simon ya zo a kan acaɓa. Ya tsufa fiye da yadda gilashin mota ke nuna shi. Ya zauna a bencin rumfa ba a ce ya zauna ba, ya yi maganar zafi, ya yi maganar gosulo, ya ce Nababa ya yi ƙiba, alhali bai yi ba. Da ya ɗauki kofin ruwa, Nababa ya lura hannunsa na rawa, ruwan na taɓa baki yana komawa.

"Nababa, yaro na. An ce kana da roba."

"Ina da ita, Oga. Guda ɗaya."

"To, nawa za ka..."

"Ba ta sayarwa ba ce. Kyauta zan sa maka. Amma a Utako, a bayan tasha, inda ka sani. Ran Asabar da rana, lokacin da layi ke cike. Ni ne a ciki."

Simon ya ajiye kofin. Ya fi kowa sanin abin da ake nufi da na ciki. Ya ce hannunsa ba kamar da ba ne, ko za a samo wani ya danna. Nababa ya ce ai shi bai yarda da hannun kowa ba sai na ogansa, wanda ya koya masa. Simon ya dubi titi, inda wata mota ke wucewa da doya har sama. Ya ce Allah ya kai mu.

Abin da Nababa ya ƙulla ba mai wuyar ganewa ba ne, Zulai ma ta gane, ta ce masa dai ya ji tsoron Allah ya kuma tuna doyar da ya ci. A kwanar sama ta ɓangaren direba zai fizgi igiya. Gilashi ya tsage a ƙarƙashin hannun Simon, a gaban kowa. Shi kuma ya fito yana riƙe da kai. Har sunan ya tanada, ya yi ta juya shi a baki yana tafiya masallaci yana dawowa: Oga Karkarwa. Ya san tasha, ya san zai kama.

Ran Asabar aka jawo Fijo zuwa Utako, sabon gilashin na kwance a bayanta, naɗe cikin katifa. Wurin ya canja, rumfunan katako sun koma kwantena, amma mutanen na nan, sun yi furfura kawai. Labari ya riga ya zaga. Surajo ya bar tukunyar shayinsa ya jawo kujera gaba-gaba. Da ya ga Nababa, sai ya kai hannu zai cire tabaransa don wasa, amma da ya dubi fuskar Nababa ya fasa.

Nababa bai yi gaggawa ba. Ya kankare ragowar tsohuwar roba daga bakin ƙarfe, ya sami tsatsa ta ci ƙasan kwana, ya goge ta da sanfefa har ƙarfe ya fito, ya shafa jan fenti, ya zauna a inuwa yana jira ya sha iska, Simon na tsaye a rana. Ya wanke robar daga hoda, ya sa wa gilashi, ya cusa igiya da bakin sukundireba, ya haɗa kawunanta biyu a ƙasa ta tsakiya. Ya kaɗa sabulu a roba har ya yi kumfa, ya shafe ko'ina. Suka ɗaga tare, kowa da gefensa, ƙafafunsu suka tafi daidai ba tare da an ce komai ba, abin ya ba Nababa haushi. Suka ɗora. Ya shiga ciki ya zauna a kujerar Simon, wadda ta lotsa da siffar mai ita.

Ya fara ja. Leɓen roba ya soma hawa, baƙi, mai santsi, yana bin igiya. Ƙasa ta zauna. Ya ɗauki gefen fasinja ya hau da shi rabi, ya dawo gefen direba. Bai taɓa ganin aikin daga nan ba, Simon na waje. Tafukan hannu biyu ne manne a jikin gilashi, sun yi fari saboda dannawa, da tsofaffin tabon yanka, suna rawa, suna barin zufa duk inda suka matsa. Amma suna bin igiyar daidai, ba su wuce ta ba, ba su bar ta ba. Tsohon bai manta komai ba.

Aka iso kwana. Nababa ya naɗe igiyar a hannu sau biyu. Wurin ya yi tsit, sai kiran 'yan kamasho daga cikin tasha. A cikin shirun nan ne wani daga baya ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma tagar mota a buɗe take.

"Ni dai ko a ciki ko a waje, in Guduma na wurin ba na sa rai."

Aka yi 'yar dariya. Nababa ya ji ta har cikin haƙori. Shekarun nan duka bai taɓa lissafa wannan ba. In gilashin nan ya tsage yau, ba mai cewa Oga Karkarwa. Za a ce Guduma ya sake, har daga ciki ma fasawa yake, a ƙara wa sunan gishiri a kai shi Mararaba kafin magariba. In kuma ya shiga lafiya, a ce Oga Simon tsohon hannu ne, ya tashi motarsa ya tafi ɗaukar doya, shi kuma a bar shi da sunansa.

Bai fizga ba, bai kuma ci gaba ba. Ya riƙe igiyar a inda take. Ƙasa ta shiga, sama ba ta shiga ba, gilashin na tsaye a kan ƙarfin hannun Simon kaɗai. In Simon ya saki, saman ya ɓallo, kwana ta karye. Simon ya yi gyaran murya, irin ta da. Nababa bai motsa ba. Simon ya sake yi. Zufa na gangarowa daga haɓarsa tana ɗiga a kan bonet, gwiwar hannunsa ta fara lanƙwashewa. Ya sunkuyo ya leƙo ta cikin gilashin, idonsu ya haɗu.

Nababa ya jingina da kujera, ya leƙo da kai ta taga yadda kowa zai ji, ya yi magana a hankali, da ladabi, kamar mai neman izinin tafiya gida.

"Oga, kada ka ɗaga hannu, ba mu da wata robar, ba mu da wani gilashin. Ni ba sauri nake ba. Don Allah ka gaya wa mutanen nan wanda ya fasa gilashin Marsandi. Ka ɗan ɗaga murya, Oga, na baya ma su ji."